Gem a kan Linux: laccar da anka yi wa ɗaliban kwamfuta a Birnin Kebbi

(An rubuto daga rikodin ɗin waya, inda murya ta ɓace an tsallake.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Na baya kuna ji na? To madalla, ku matso gaba akwai kujeru. Abu huɗu nake son mu taɓa yau. Na ɗaya yadda anka yi gem ɗin Windows ya koma yana tashi a Linux, na biyu matsayin kamfanonin da ke yin gem, na uku gwajin da jama'a ke yi da kansu, na huɗu wace Linux za ka sa a laftof ɗinka. Waye a nan ya taɓa buga gem a kwamfuta? Ku ɗaga hannu, ba za a gaya wa Baba ba. (dariya) Kusan kowa. A Linux fa? Mutum biyu. To ku biyun ku riƙe hannun, zan neme ku.

Na ɗaya. Linux dai kun sani, tsarin tafiyar da kwamfuta ce kamar Windows, Linus Torvalds ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki. Matsalar tun farko ita ce masu yin gem Windows suke rubuta wa, da kayan Microsoft da ake kira DirectX, ita kuwa Linux ba ta jin wannan yaren. A 1993 wasu sunka fara wata manhaja mai suna Wine, aikinta kamar tafinta ne, gem ya yi magana da yaren Windows ita kuma ta juya wa Linux nan take. An yi wani kamfani Loki da anka kafa a 1998 yana ɗauko gem yana mai da shi na Linux yana sayarwa, ba ciniki, farkon 2002 ya rufe. Sai 2013 kamfanin Valve, masu Steam, wato shagon sayar da gem na intanet, sunka saki Steam na Linux, a 2015 sunka fito da injin gem mai Linux a ciki da sunka kira Steam Machine, bai karɓu ba, don ka sayi inji amma yawancin gem ɗin da kake so ba sa tashi a kai, wa zai saya?

Abin da ya canza lissafi shi ne Vulkan da ya fito a 2016, sabuwar hanyar magana da katin girafik wadda ba mallakin Microsoft ba ce. Sai wani Bajamushe, Philip Rebohle, mutum ɗaya a ɗakinshi, yana son buga wani gem mai suna Nier: Automata a Linux, ya zauna ya rubuta DXVK wanda ke juya DirectX zuwa Vulkan. Ku ji fa, son gem ɗaya. Valve sunka ga aikin sunka fara biyanshi, sunka haɗa shi da Wine tare da kamfanin CodeWeavers, a watan Agusta 2018 sunka sake shi da sunan Proton. Daga nan ka danna gem ɗin Windows cikin Steam kawai ya tashi. A Fabrairu 2022 kuma Steam Deck ta fito, ƙaramar na'urar gem ta hannu, kuma abin da ke cikinta Linux ce.

Na biyu... a'a bari in tsallake shi zan dawo, don abin da ya kawo ni nan shi ne na ukun, shi ne ke cina a rai.

Steam na da gem dubbai bisa dubbai. Valve komai kuɗinsu ba za su iya gwada kowane gem a kan kowace irin kwamfuta ba, ba zai yiwu ba. To wa ke gwadawa? Mutane irina irinku. Akwai wani shafi ProtonDB, ba na Valve ba ne, jama'a sunka kafa shi, ka buga gem ka shiga ka rubuta: ga injina, ga Linux ɗin da nake kai, ga abin da ya faru. Daga rahotannin nan ake ba gem daraja, Platinum shi ne ya tashi ba ka taɓa komai ba, Gold sai ka ɗan gyara, sai Silver, sai Bronze, sai Borked wato ko motsi ba ya yi. Kafin ka kashe ko sisi, kafin ka ƙona data, ka duba nan tukuna. Wani a Barazil ya riga ya sha wahalar ya rubuta maka maganin kyauta, bai san ka ba, ba zai taɓa ganinka ba.

Ga wani labari da nake so ƙwarai. A 2021 wani mai yin gem, gem ɗin nashi sunanshi Rings of Saturn, ya fito ya bayyana lissafinshi. Ya ce masu Linux kashi 5.8 cikin 100 ne na cinikinshi, amma kashi 38 cikin 100 na rahotannin matsala daga gare su sunka fito. Mutum zai ce to ai Linux ɗin ce ke da matsala. A'a. Cikin rahoto kusan 400 da sunka turo, guda 3 kacal ne matsalar Linux, sauran duka matsaloli ne da ke damun kowa har masu Windows, sai dai masu Windows sun yi tsaki sun rufe gem ɗin, masu Linux kuwa sun zauna sun rubuta. Ku sake ji, guda 3 cikin kusan 400. Ya samu masu gwada mishi kaya kyauta, kuma masu iya bayani.

To mi ake nufi da iya bayani? Wanga wurin ku rubuta. In ka ce "gem ɗina ba ya yi, a taimaka", wallahi ba wanda zai iya taimakonka ko yana so. Ka faɗi sunan injin, HP EliteBook ce ko Dell Latitude ko ThinkPad, wace lamba, furosesa wane iri, ram nawa, katin girafik Intel ne ko AMD ko Nvidia, wace Linux, wane Proton don suna da lamba-lamba. Sannan ka faɗi abin da ka yi bi da bi: na buɗe, na shiga fili na biyu, da na danna taswira sai allo ya yi baƙi amma sauti na tafiya, kuma duk lokacin da na maimaita haka yake yi. Wannan na ƙarshen shi ne zinariya, matsalar da ake iya maimaitawa ita ake iya gyarawa. Sannan a Steam akwai wurin da ake rubuta umarnin tashin gem, ka sa PROTON_LOG=1 %command% ka sake buɗewa, zai ajiye maka wani fayil a babban folda ɗinka da ya rubuta duk abin da ya faru har zuwa inda ya faɗi. Ba sai ka gane abin da ke ciki ba, kai dai ka haɗa ka tura a shafin Proton da ke GitHub, akwai masu ganewa. Kuma kafin ka tura ka bincika ko wani ya riga ka, in ya riga ka ka ƙara naka a ƙarƙashin nashi. Kuma don Allah in sunka ce gwada wanga gyaran ka gaya mana, ka dawo ka ba da amsa, kar ka ɓace, mutane da yawa nan suke yankewa.

Wata ƙanwata can tana girgiza kai, Turancin ne ko? Ki kwantar da hankalinki. Da yawa cikin masu gyaran nan su ma Turanci ba harshen uwarsu ba ne, Jamusawa ne, Rashawa ne, 'yan Folan ne, ba wanda ke duba nahawunki, lambar injin suke so da fayil ɗin.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu. Ka shiga ProtonDB ka karanta, yawanci manyan injuna ne, ram 16, ram 32, kati mai tsada. Mu mi muke da shi? Laftof ta hannu, ram 4 ko 8, Intel HD, batir ya gaji. Irin injinmu ba kasafai kake ganin rahotonshi ba, ke nan yaro a Jega ko Argungu ko Zuru da ke son sanin ko gem zai tashi a tsohuwar EliteBook ɗinshi ba ya da wurin dubawa, sai in ɗayanku ya gwada ya rubuta. Ko gem ya tashi lafiya lau ka rubuta, "ya yi" ma rahoto ne. Kuma akwai abin da mu munka sani wanda mai zaune a Jamus ba zai yi tunani ba. Misali zafi. Watan Afrilu a garin nan ana haura digiri 40, ga ƙurar hunturu ta toshe fankar laftof, ka fara gem lafiya bayan ɗan lokaci ya fara ja, sai ka zagi Proton alhali furosesa ce ta yi zafi ta rage gudu don kar ta ƙone. Ka sa MangoHud, zai nuna maka zafin injin da gudun hoto a gefen allo, in ka ga zafi ya hau gudu ya sauka to ka kai wa mai gyara ya busa fanka ya canza man furosesa, ba rahoto ake turawa ba. Misali na biyu data. Steam na da ɗabi'ar sauko da wasu fayiloli na shader a kai a kai don gem ya yi santsi, can ba su damu ba, nan kuwa ka wayi gari datar wata ta tafi. Ana kashe shi a saitin Downloads. Wa zai gaya wa ɗan'uwanka wannan in ba kai ba? Misali na uku tsofaffin katin girafik na Intel, HD 3000 ba ta da Vulkan sam, HD 4000 da ta bayanta kuma rabi-rabi ne, to a nan sai ka sa PROTON_USE_WINED3D=1 %command% ya bi ta OpenGL, tsohuwar hanyar magana da katin girafik, tsofaffin gem da yawa suna tashi haka.

Abu ɗaya kuma, gem ɗin da anka fasa anka tura maka a filash, kar ka kai rahoto a kanshi, ba za su karɓa ba kuma suna da gaskiya, ba a san mi anka cusa ciki ba. Na halal kyauta suna nan, SuperTuxKart, 0 A.D., Dota 2, kuma shagon gem na Epic na raba gem kyauta duk mako, da wata manhaja mai suna Heroic ake ɗaukowa a Linux.

Na nawa muke? Na uku... na huɗu. Lokaci ya tafi, a gurguje. Sabon shiga ya sa Linux Mint, ka zuba a filash ka gwada ba tare da ka goge Windows ba, in ta yi maka ka girka su biyu gefe da gefe. Mai Intel ko AMD direbanshi na ciki tun asali, mai Nvidia sai ya girka daban. Kuma ku tuna Microsoft ta daina tallafin Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, yawancin injunan da ke ɗakin nan kuwa Windows 11 ba ta yarda da su ba. Shi ke nan. Tambaya? Bismillah Alhaji.

(Mai tambaya: Malam Allah shi ƙara basira. Ni gidan gem gare ni, kwamfuta shida, yara FIFA suke bugawa. In mai da su Linux?)

A'a Alhaji, kar ka taɓa su. Ka ga ka dawo da ni kan na biyun da na tsallake, na gode. Tun daga FIFA 23 kamfanin EA ya sa wata manhajar kama masu maguɗi wadda ke shiga can cikin zuciyar Windows, ita kuwa tafintan nan ba ya iya juya ta, don haka FIFA 23 da FC, sabon sunan FIFA, da sunka biyo baya ba sa tashi a Linux. Haka Valorant, haka Fortnite, haka PUBG na kwamfuta. Abin da ke min ciwo shi ne wani lokacin hanya na nan a buɗe, tun 2021 masu manhajojin kama maguɗi Easy Anti-Cheat da BattlEye sunka ce suna aiki da Proton, saura mai gem ya kunna, wasu sun kunna wasu sun ƙi. Apex Legends ma a da yana tashi a Linux, a Oktoba 2024 masu shi sunka rufe ƙofa sunka ce maguɗi ya yi yawa. Hujjarsu ita ce a Linux mai inji ke da iko da komai har zuciyar tsarin, to gane mai maguɗi na da wuya, kuma mu 'yan kaɗan ne, a 2025 wajen kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ne na masu Steam, dud da dai tun 2023 mun wuce masu Mac. Wannan ba matsalar da rahotona ko naka zai gyara ba ce, shawarar kamfani ce.

Saboda haka injin da ke kawo maka abinci ka bar shi yadda yake. Amma na tabbata akwai wata tsohuwa a lungu da ta gaji da Windows.

(Mai tambaya: Akwai guda biyu ma, Dell.)

To su nake so. Ka sa Mint a ɗaya, ka zuba SuperTuxKart don ƙananan yara, mutum huɗu na iya bugawa a allo ɗaya da hannun gem, ka ga ko za su zauna. Ku biyun nan da kunka ɗaga hannu, ɗayanku ya bi Alhaji ya duba lambar injin da irin katin da ke ciki kafin a girka komai, in HD 3000 ce kun san umarnin da za ku sa. Wa ke da wata tambayar? Ƙanwata, bismillah, ɗaga murya...

(Nan rikodin ɗin ya yanke.)