Yadda marubutan Larabawa suke mayar da tarihi labari

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji? To, madalla.

Abubuwa uku zan taɓo. Na farko Jurji Zaidan, mutumin Beirut da ya zauna a Alƙahira, ya kafa mujallar Al-Hilal a 1892. Ya rubuta littattafan labarin tarihi sama da 20, kuma dabararsa ɗaya ce: a ɗauko zamani, a saka saurayi da budurwa a ciki, soyayya ta ja mai karatu, tarihi ya biyo baya. Matsalarsa, wani lokaci labarin yakan tsaya cak ya koma darasin aji.

Na biyu, nan zan daɗe, ku yi haƙuri: Jamal al-Gitani da littafinsa Zaini Barakat, wanda ya fito a 1974. Zaini mutum ne na gaske, muhtasibin Alƙahira, mai kula da farashi da ma'auni a ƙarshen mulkin Mamluka. Ibn Iyas, marubucin tarihin Masar na wancan zamani, ya ambace shi a tarihinsa. Me Gitani ya yi? Ya ari harshen Ibn Iyas ɗungurungum. Babi ɗaya shelar sarki ce, na gaba rahoton ɗan leƙen asiri, sai huɗuba, sai bayanin wani baƙo daga Venis. Har batun rataya fitilu a tituna da dare ya zama rigima a kan mumbari. Shi kuwa Zaini, labarinsa kake ji daga bakin mutane. Labarinsa kake ji, na maimaita. Sarkin Mamluka Al-Guri ya mutu a yaƙin Marj Dabik a 1516, Turkawa suka ci Masar a 1517, gogan naku yana nan kan kujerarsa. Kun san irinsu, kada kowa ya kalli kowa! Ɗan Masar da ya ga kayen da Isra'ila ta yi wa Masar a 1967 ya san da wa ake.

Na huɗu... na uku ne? To, Radwa Ashur da littafinta kan Garnaɗa ta Andalus bayan faɗuwarta hannun Kiristoci a 1492, inda aka ƙone littattafai a dandali. Lokaci ya ƙure, ku neme shi.

Na'am, ɗiyata?

"Malam, wane kuskure ne ya fi kama mai irin wannan rubutu?"

Kayan amfanin yau da kullum. Shekarun yaƙi kowa yana dubawa, amma sai ka ga an ba wazirin Abbasiyawa taba, ko an zuba tumatir a miyar Bagadaza, alhali duka biyu daga nahiyar Amurka suka zo bayan 1492. Ki nemi littattafan hisba na lokacin, su ne suke faɗin yadda mai burodi da mahauci suke aiki da irin algus ɗin da ake kama su da shi.