Usur daga nesa

Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Nima, nan birnin Akra. Ni ce Rabi, ga Sadik, ga kuma Kawu Bawa da ya daɗe yana alƙalancin ƙwallon kwando a filayen unguwa. Kawu, Sadik ya shigo da zafi yau.

Sadik: Dole in yi zafi, Yaya Rabi. Ranar Asabar yaranmu na gaba da maki ɗaya, saura daƙiƙa kaɗan a tashi. Yaron abokan karawa ya taso zai zura, namu ya yi tsalle ya doke ƙwallon tas, ko yatsa bai taɓa masa ba. Alƙalin da ke ƙarƙashin kwandon, taku uku tsakaninsu, bai ce uffan ba. Sai muka ji usur daga can tsakiyar fili. Aka ba su jifa biyu, suka zura duka, muka tashi da kuka.

Kawu Bawa: Ɗana, kafin mu yanke masa hukunci, wanda ya busa ɗin a ina yake tsaye?

Sadik: Bayan layin maki uku, Kawu, ga 'yan wasa huɗu sun tare masa gani.

Kawu Bawa: To, bai gani ba ke nan, ya dai ji ƙarar bugun ya yi zato. Filin nan mita 28 ne tsawonsa, faɗinsa 15, mutum goma na gudu a ciki. Ido biyu ba za su riƙe shi ba, shi ya sa ake raba shi. In alƙalai uku ne, ɗaya yana layin ƙarshe kusa da kwando, ɗaya yana gefe daidai layin jifan kyauta, na ukun yana baya wajen layin maki uku, kuma suna musayar wuri yadda ƙwallo ke juyawa. Kowa da huruminsa. NBA ma, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, sai a kakar 1988 zuwa 1989 ta tsaya a kan uku dindindin. Mu nan galibi biyu muke, don kuɗin na ukun babu, sai aikin ya ƙara nauyi.

Rabi: Amma Kawu, in na ga laifi da idona, in yi shiru don kawai ba gonata ba ce?

Kawu Bawa: 'Yata, me kika gani? Farkon abin, tsakiyarsa da ƙarshensa, ko wutsiyarsa kawai? Na kusa ya ga inda mai tsaro ya kafa ƙafa tun kafin a yi karo. Ke daga nesa faɗuwar kawai kika gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna. Shekarun baya ina busa wani wasa a Kumasi, ina baya, sai idona ya bi ƙwallo zuwa ƙarƙashin kwando, inda abokin aikina ke tsaye yana kallo. Mu biyu muna kallon abu ɗaya. A gefena, inda aka ba ni amana, wani ya kai wa yaro gwiwar hannu a baki. Sai da na ga jini a farar rigarsa, yana tofar da haƙori a tafin hannu, sannan na san an yi wani abu. Mahaifiyarsa ta tambaye ni wa ya buge shi, ban da amsa. Har yau ina ganin fuskar matar nan.

Rabi: Allah sarki.

Sadik: Na yarda, Kawu, amma shirun ma yana cutarwa. Ka tuna watan Janairun 2023 a Boston? LeBron James na ƙungiyar Lakers ya taso a daƙiƙar ƙarshe, suna kunnen doki da ƙungiyar Celtics, Jayson Tatum na Celtics ya buge shi a hannu, duniya ta gani, alƙalai uku ba wanda ya busa. Patrick Beverley, abokin wasan LeBron, har kyamara ya ɗauko ya kai wa alƙali ya nuna masa, aka rubuta masa laifi. Lakers suka sha kashi a ƙarin lokaci, daga baya alƙalan suka amsa cewa sun yi kuskure. Da ma wani ya yi katsalandan ranar!

Kawu Bawa: Ranar ya kamata a yi. Ba a ce kada ka taimaki ɗan'uwanka ba. Amma da sharaɗi: abin ya zama ƙuru-ƙuru, ka gan shi tun daga farko, kuma ka ɗan jinkirta, ka ba mai wurin dama ya fara busawa. In ya yi shiru don an tare masa gani, sai ka busa kana matsowa, kowa ya ga daga inda ka hango. Duka da gangan kuwa, ko abin da zai ji wa yaro rauni, ko daga ƙofar fili ka gani ka busa.

Rabi: Su can koci yana iya ƙalubalantar hukunci a duba bidiyo, tun 2019 a NBA. Mu fa?

Kawu Bawa: Mu bidiyonmu wayar 'yan kallo ce, sai bayan an tashi ake yawo da ita a WhatsApp. Abin da ke hannunmu shi ne minti goma kafin wasa. Ni da abokin aikina mu keɓe, mu ce in an yi karo a ƙarƙashin kwando naka ne, in mun busa tare mu haɗa ido kafin wani ya ɗaga hannu. Na sha ganin ɗaya na nuna laifin mai tsaro, ɗaya na nuna na mai kai hari, a busa guda. Yawancinmu daga tirotiro, motar haya, muke sauka, mu rataya usur mu shiga fili, ko sunan juna ba mu sani ba.

Sadik: Kawu, za ka zo wasan Asabar mai zuwa ka zauna da su kafin a fara?

Kawu Bawa: In Allah ya kai mu. Ka turo mini lokacin, ka kuma ce su zo da wuri.