Mai Hayar Littattafai Ya Fi Mu Sanin Yaranmu

(An rubuto wannan ne daga rikodin wata lacca da aka yi a zauren wani ɗakin karatu a Kano, a gaban iyaye da malamai da ɗaliban sakandare.)

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To madalla. Wannan lasifika sai an lallaɓa ta kamar amarya. (dariya)

An ce in yi magana a kan yadda za a jawo matasa, 'yan shekara 13 zuwa 19, su riƙa shigowa ɗakin karatu suna aron littafi. Abu huɗu na rubuto a 'yar takardar nan. Huɗu ne, ku riƙa ƙirga mini.

Na farko, mu daina cewa yaran nan ba sa karatu. Kullum sai ka ji babba yana cewa yaran yanzu ba sa karatu. Shi kuma ka tambaye shi wane littafi ya karanta bana, sai ya fara gyaran hula. (dariya) Ku duba wayar 'yarku. Da izininta fa, Hajiya, ban ce ki ƙwace ba. Za ku tarar da dogon labari a WhatsApp ko Wattpad, tana bin sa kullum dare har caji ya ƙare. Karatu suna yi. Nan ɗin ne ba sa zuwa. In ma sun zo, me ya kawo su? WAEC, NECO, JAMB. Lokacin jarrabawa kujera ma gagara take yi, amma yaro da littafinsa na gida yake zuwa, ya kama tebur, ko kallon kantar littattafai ba ya yi. Ana gama jarrabawa sai ƙura ta gaji wurin.

Ni dai, in faɗi gaskiya ko da a gidansu nake tsaye, ba a laburare na koyi son littafi ba. A wajen mai haya na koya. Ku yara ba ku san mai haya ba, ku tambayi iyayenku mata, ga su can suna murmushi. A shekarun 1990, unguwanni da yawa a birnin nan akwai shago ko ɗan tebur da ake ba da hayar littattafan Hausa. Su ne waɗanda masana suka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano, mu kuwa littattafan soyayya muke ce musu. Marubuci ya buga da kuɗin aljihunsa, ya kai kasuwa, mai haya ya saro, ya ƙara musu bango da kwali don kada su yage. Ka ba shi abin da bai wuce kuɗin ƙosai ba, ka tafi da littafi gida, gobe ko jibi ka mayar. Bai taɓa ce mini in cike fom ko in kawo hoto guda biyu ba. Abin da ya rubuta a tsohon littafinsa shi ne: ƙanin wane, gidan mai itace. Katina ke nan.

Kuma ya san ka. Nan maganar take, ya san ka. In ka mayar da littafi sai ya ce, "Ya ka gan shi?" Ka ce ai ƙarshen bai yi ba. Sai ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya zaro wani, ya ce, "To gwada wannan, amma kada ka fara shi da daddare, ba za ka yi barci ba." Wallahi ranar da daddare za ka fara. (dariya) Mutumin nan bai je jami'a ya karanci aikin laburare ba. Amma haɗa mai karatu da littafin da ya dace da shi, abin da ake koyarwa a aji, shi kullum yi yake, don tuwonsa yana ga dawowarka. Mu kuma ko yaro ya zo ko bai zo ba, albashi zai shigo. Ma'aikata, ku yi haƙuri, ni ma ɗan albashi ne.

Ga kuma dabarar nan ta littafi na ɗaya, na biyu, na uku. Marubuciya za ta kai ka daidai inda aka turo ƙofa, kowa ya juyo, sai ta ce mu haɗu a littafi na biyu. Kai jama'a! Ka ruga wajen mai haya ya ce na biyun yana hannun wata matar aure a lungu na gaba. Matan da ba sa fita yara suke aikowa. Littafi ɗaya sai ya zaga gida goma kafin ya koma, ya sha manja, ya sha hayaƙi. Na san matan da aka cire daga firamare aka yi musu aure, da waɗannan littattafan karatun bokonsu ya zauna.

Mu manya me muka saka musu da shi? Zagi. A 2007 a garin nan an tara irin waɗannan littattafai an cinna musu wuta a bainar jama'a. Ban ce duk abin da ke cikinsu alheri ne ba. Allah ya gafarta malam, na ga kana harara ta. (dariya) Akwai shirme a ciki, akwai. Amma yarinyar da aka ƙone wa littafi ba tashi ta yi ta ɗauki littafin kimiyya ba. Jira ta yi waya ta zo, ta koma inda ba mai ganin abin da take karantawa. Da a kantar laburare littafin yake, ai da mu muka zaɓa.

Ina ɗan shekara 15 na taɓa shiga wani ɗakin karatu, ba zan faɗi wanne ba, na tambayi littafin labari na Hausa. Mutumin ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Nan wurin karatu ne, ba wurin tatsuniya ba." Na daɗe ban sake taka irin wurin ba. Alhali abin nan da ya raina, da shi aka ɗora karatun boko na Hausa. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya sa gasar ƙagaggun labarai, don ya gane wanda ya koyi abacada in bai sami abu mai daɗi ya karanta ba, mantawa zai yi. Littattafai biyar aka buga daga gasar. Abubakar Imam, da ya shiga da Ruwan Bagaja, a 1911 aka haife shi. Ku lissafa. Shekara 22. Kai mai farar riga, shekararka nawa? Sha bakwai? To saura biyar, muna jira.

Na uku... a'a, wa ke ƙirgawa? (wata murya: "Na biyu, Malam!") Har yanzu? To bari in yi sauri, na ga ana nuna mini agogo. Na biyu, wuta. Yaro yana zuwa gidan kallon ƙwallo don akwai janareta da fanka. Ku sa sola, ku sa wurin caji, ku bar shi ya zo don cajin. Waya tana jone awa biyu, hannunsa wayam, sai ku ajiye littafi kusa da shi, kada ku ce masa komai.

Na uku, shirye-shirye. Kada ku sa musu suna taron bita, guduwa za su yi. A ware ɗaki ɗaya da aka yarda a yi hayaniya, su karanta littafi ɗaya su zo su yi musu a kansa. A gayyato marubuta, Kano cike take da su, ƙungiyar marubuta ta ANA ma tana da reshe a nan. Tun 2016 BBC Hausa ke yin gasar Hikayata ta mata, me zai hana ɗakin karatu ya yi tasa ƙarama lokacin dogon hutu, a liƙa labarin da ya ci a bango?

Na huɗu... Na'am? 'Yata, ɗaga murya.

(Wata ɗaliba: "Malam, mu in an tashi boko sai Islamiyya, kafin mu taso an rufe nan. Kuma Baba ba ya barin mu zo mu kaɗai.")

To. Kin rushe mini na huɗu, kuma naki ya fi nawa. Babanki bai yi laifi ba, 'yata, kada ki je ki ce Malam ya ce. (dariya) Wannan matsalar an taɓa warware ta a ƙasar nan. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta ga matan ƙauyuka ba za su iya zuwa wurinta ba, sai ta naɗa jajoji, dattawan mata, su zo su ɗauki karatu da waƙoƙinta su kai wa mata har gida. 'Yan Taru ke nan. Karatun ne ya tashi ya je inda suke. To akwati ɗaya ya gagare mu? A zuba littattafai hamsin, a kai Islamiyyarku, a damƙa wa malama ɗaya, ta riƙa rubuta suna kamar mai haya, bayan wata ɗaya a canjo wasu. Babanki ya san malamar, ya yarda da ita.

Kuma ranar Alhamis da Juma'a ai ba ku da Islamiyya, ko? To Hajiya shugabar laburare, ga ki ga iyaye. Yammacin Alhamis, mata zalla, su zo da iyayensu mata in suna so, a kai ƙarfe shida. Zai yiwu? Ta ce sai an sami mai gadi da kuɗin mai. Alhaji, kai da ka yi ta gyaɗa kai tun ɗazu, kada ka fita, tsaya mu yi maganar man nan. An kira salla, a kashe lasifikar.