Idanu a Buɗe, Zuciya a Rufe

A Bisharar Yohanna sura 9 akwai wani mabaraci da aka haifa makaho. Yesu ya kwaɓa ƙasa da yawunsa, ya shafa masa a idanu, ya aike shi tafkin Siluwam ya wanke. Ya je, ya wanke, ya dawo yana gani.

To, jama'a, ku saurari abin da ya biyo baya. Da yake ranar Asabar ce, ranar hutun Yahudawa da aka hana aiki, aka warkar da shi, sai murna ta koma tuhuma. Farisiyawa, mutanen da suka san Attaura ciki da waje, suka titsiye shi da tambayoyi. Suka kira iyayensa, su kuwa tsoron kada a kore su daga majami'a ya sa suka ce ai ba yaro ba ne, a tambaye shi. Aka sake kiransa. Ya ce shi dai abu ɗaya ya sani: dā ba ya gani, yanzu yana gani. Sai suka kore shi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne yadda ganin mutumin nan ya riƙa ƙaruwa. Da farko ya ce wani mutum ne mai suna Yesu. Can ya ce annabi ne. Daga ƙarshe ya kira shi Ubangiji, ya yi masa sujada. Su kuwa malaman, hujja na tsaye a gabansu tana kallonsu da idanu biyu, amma kowace amsa ƙara taurare su take yi. Yesu ya faɗa musu cewa da makafi ne su, da ba su da laifi, amma tunda sun ce suna gani, zunubinsu na nan daram.

Tsohon ciwo ne. Tun a Ishaya sura 6 aka ambaci mutanen da za su yi ta kallo ba su gane ba, Yesu kuma ya maimaita maganar a Matiyu 13.

Shawulu ma, wanda daga baya aka san shi da Manzo Bulus, Bafarisiye ne, ya kuma tabbata Allah yake wa aiki sa'ad da ya nufi Dimashƙu don kama masu bin Yesu. Haske daga sama ya kā da shi, ya kwana 3 ba gani, ba ci, ba sha. Hananiya, ɗaya daga cikin irin mutanen da ya zo ɗaurewa, shi ya ɗora masa hannu, ya kira shi ɗan'uwa. Nan take wani abu kamar ɓawo ya faɗo daga idanunsa, ya tashi aka yi masa baftisma.