Naira 125 Da Naira 70,000: Wanne Ya Fi Auki?

Assalamu alaikum. Iyayena da malamaina da ke zaune a gaba, da ƙannena ɗalibai da suka cika baya, na gode da kuka ba ni wannan lokaci.

Bara, bayan rasuwar mahaifina, Allah ya jiƙansa, muna kwashe kayan ɗakinsa sai na tsinci wata takarda a ƙasan akwatinsa na ƙarfe, ta yi ja saboda daɗewa. Takardar albashinsa ce ta shekarar 1981, lokacin yana masinja a wata ma'aikata. Naira 125 aka rubuta. Wannan shi ne mafi ƙarancin albashi da gwamnatin Shehu Shagari ta sa wa hannu a shekarar. Da na nuna wa ɗana, sai ya ce, "Baba, yanzu da wannan Kaka ya riƙe gida?" Da shi ya riƙe mu, mu bakwai, kuma ban taɓa kwana da yunwa ba.

To ku lura. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000. Idan kun raba, ya ninka na mahaifina sau 560. A takarda ke nan. Amma albashi ba a takarda ake cin sa ba, a kasuwa ake cin sa. A 1981 litar fetur kwabo 15 ce da 'yan ɗigo, wato albashinsa na wata zai sayi sama da lita 800. A ƙarshen 2024, bayan cire tallafin da aka sanar ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta haura Naira 1,000. Albashin wata guda bai wuce lita 70 ba. Kuma fetur ba na mai mota kaɗai ba ne. Buhun masarar da aka ɗauko daga ƙauye zuwa kasuwar Dawanau, mai ya ci kafin ya iso. Mai Adaidaita Sahu ya ƙara, mai markaɗe ya ƙara, mai ruwa ya ƙara.

A 1981 Naira ta fi Dala daraja, Naira 125 ta kai kusan Dala 200. Naira 70,000 kuwa ranar da aka sa mata hannu ba ta kai Dala 50 ba. Tun daga SAP, tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, Naira ta fara zamewa, kuma kowane ƙarin da aka yi, na 2011 da ya kai 18,000, da na 2019 da ya kai 30,000, bin bayan farashi yake yi, bai taɓa cim masa ba.

Sai dai zan yi adalci, don ba na son ku fita da tunanin cewa da can aljanna ce. Masu ɗaukar albashi 'yan kaɗan ne a wancan zamani. Ƙauyenmu ba wuta, ba famfo, mace mai naƙuda a amalanke ake kai ta bakin titi. Kuma ƙarin albashi shi kaɗai ba magani ba ne: dattawan da ke nan sun tuna kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi a zamanin Gowon, yadda ma'aikata suka karɓi ariyas, aka yi ta sayen babura da rediyo, kafin a ankara 'yan kasuwa sun ɗaga komai.

Abin da ya fi damuna shi ne nauyin da ya ƙaru a kan albashin kansa. Mahaifina bai biya mini kuɗin firamare ba, shirin ilimin firamare kyauta na 1976, wato UPE, ya ɗauke masa. Yau maƙwabcina, malamin makaranta ne, shi zai biya kuɗin makarantar yara, ya sayi ruwa a jarka, ya sayi magani har da safar hannun da za a duba matarsa da ita. Ran nan na gan shi da leda, shinkafa ce rabin kwano, yana ɓoye ta a cikin riga don kada a gani. Ranar goma ga wata ce.

Don haka ku 'yan ƙungiyar ƙwadago da ke cikinmu, idan kun sake zama da gwamnati, ku tafi da farashin kwanon gero, da na haya, da na mota, ku nemi a ɗaure albashi da su, a riƙa dubawa duk shekara.

Na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi. Malam, a ba wa baiwar Allah da ta ɗaga hannu tun ɗazu abin magana.