Wani ya kunna mini wuta a ɗakin ɓeraye

Salamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da fuskar nan tawa yau, raina ne a ɓace, ga kuma iska tana ta bugun makirfo saboda a hanya nake ina tura keke, yayyafin nan na Holan ya hana ni hawa. Ɗazu da safe na buɗe kwamfuta in duba ɓerayen da nake binciken agogon jiki a kansu kamar kullum, sai na ga dukkansu, kaf ɗinsu fa, sun makara wajen tashi da kusan awa biyu a rana ɗaya. Ɓera ɗaya zai iya makara, amma a ce ɗaki guda sun haɗa baki? Nan take na san an yi mini ɓarna. Ashe wani bawan Allah ne, ba zan faɗi ko waye ba, ya shiga ɗakin shekaranjiya yana neman wani kwali, ya danna makunni, farar wuta tar, ya gama lalubensa ya kashe ya fita abinsa. Ga takarda ƙatuwa a ƙofa da harshe biyu, ga makunnin an liƙe shi da salatef, sai da mutumin nan ya ɓare. Da na same shi wai ai bai fi minti goma ba. Minti goma! Aikin makonni ne ya tafi, ga kowane ɓera ɗaya kuɗinsa ya haura yuro 30 kafin a zo maganar abinci da keji.

To bari in gaya muku abin da ya sa minti goma ya zama magana, don na san wasunku suna can suna dariya, Hajiyata ma duk wayar da muka yi sai ta ce kai ɗan nan, ka bar gida ka tafi Turai kiwon ɓera, mu nan tarko muke ɗana musu.

Kowane ɓera yana da kejinsa, a ciki akwai 'yar taya da yake shiga yana gudu tana juyawa, kwamfuta tana ƙirga kowane juyi. Kar ku raina su, a dare ɗaya ɓera yana iya cin kilomita biyar ko fiye a cikin tayar nan, ni da kekena na yuro 90 ba kullum nake yin haka ba. Nawa ɗin a cikin duhu suke dare da rana, babu taga babu komai, in za mu shiga jar fitila mai rauni muke riƙewa saboda idonsu bai cika kama ja ba. Amma duk da duhun nan, kullum in lokaci ya yi sai ka ji tayoyi sun fara ƙara ƙiii ƙiii kusan tare, in lokacin kwanciya ya yi su yi tsit. Abin da ya fi burge ni, ranarsu ba ta cika awa 24 ba, wajen 23 da rabi ce ko sama kaɗan, shi ya sa kowace rana suke riga jiya tashi da 'yan mintuna, in ka jera kwanakin a allo sai ka ga baƙin layi yana gangarowa a karkace, tsaf kamar an ja shi da rula. Da a ce rana suke bi da layin ya miƙe. Agogon a cikin kansu yake. Mu mutane namu ya ɗan haura 24, wajen 24 da 'yan mintuna, hasken safiya ne ke dawo da mu kan hanya kullum.

Hasken shi ne makunnin saiti. In ya faɗa musu a farkon darensu, wato lokacin da suka tashi gudu, sai ya tura agogon baya su makara, in kuma a ƙarshen dare ne sai ya jawo shi gaba, in tsakiyar ranarsu ce kusan ba ya yin komai. Mutumina kuwa bai tashi shiga ba sai daidai farkon darensu, lokacin da abin ya fi kamawa. Ko da gangan ne iyakar abin da zai yi kenan.

Ina agogon yake? Can ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan ƙulli da ake kira SCN, bai kai ƙwayar gero ba a ɓera, ƙwayoyin halitta wajen dubu 20 ne a ciki. A 1972 ƙungiyoyi biyu a Amurka, Moore da Eichler, sai Stephan da Zucker, suka lalata wurin a ɓeraye. Ɓerayen ba su mutu ba, suna ci suna sha suna gudu, amma tsari ya watse, a ɗan yi gudu a ɗan kwanta a ɗan sha ruwa, dare da rana duk ɗaya. Wanda ni ya sa na shigo harkar nan kuwa shi ne na hamsta, wani ɗan ɓera mai kumatu da guntun bindi. A 1988 Martin Ralph da Michael Menaker suka ci karo da wani hamsta da agogonsa ke sauri, da suka haɗa iri sai aka samu 'ya'yan da ranarsu awa 20 ce kacal. A 1990 suka ciro ƙullin nan daga irin masu awa 20 suka dasa a kan hamstan da aka lalata nasa, da ya warke sai ya tashi yana rayuwar awa 20. Suka juya abin, shi ma haka. Ka ɗauko lokacin wani ka dasa wa wani! Ranar da na fara karanta wannan a Zariya, a waya mai fasasshen gilashi, sai da na ajiye ta na yi ta kallon silin.

Sai maganar homon, wato sinadaran da jiki ke aika saƙo da su ta cikin jini, don ƙullin nan ba ya bin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya yana tashinsu. Hanta tana da agogonta, ƙoda tana da nata, huhu ma haka, shi SCN kamar ladanin unguwa yake, kowa da agogo a gidansa amma kiransa ake ji a gyara. Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin kiran shi ne kotikosteron, homon da ke fitowa daga wata 'yar halitta a saman ƙoda bisa umarnin ƙwaƙwalwa. A ɓera yana fara hawa tun kafin magariba, ya kai ƙololuwa daidai lokacin da za a tashi, yana shirya jiki, sukari ya fito cikin jini, a fita neman abinci. Namu ɗan uwansa ne, kotizol, shi kuma da asuba yake hawa. Kun ga nan an yi hannun riga.

Amma melatonin, shi ne ya rikita ni da farko. Mutane suna ce masa homon barci, ana sayar da shi a kantin magani a nan kamar alewa. To ɓeran da ke yawo da dare ma da dare nasa yake fita, daidai lokacin da yake tsakiyar gudu. Saƙonsa kawai shi ne dare ya yi, kuma ga tsawonsa, abin da za ka yi da daren ya rage naka. Hamstan Saiberiya da tsawon melatonin ɗin yake gane hunturu ya zo, gashinsa ya koma fari, ya rame, ya daina haihuwa sai bazara. Wani abin dariya kuma, baƙin ɓeran nan da aka fi amfani da shi a ɗakunan bincike na duniya, C57, kusan ba ya yin melatonin ɗin ma, kuma agogonsa lafiya lau.

Nan ne nake ɗan ɗaga kafaɗa a ofis. In ana son a gane me ya raba mai yawon dare da mai yawon rana, dole a nemi ɓeran da ke fita da rana, kuma wanda ake ji da shi ɓeran ciyawa ne na Afirka, wanda ke nan cike a yankin Sahel da bakin kogin Nilu, jami'ar jihar Michigan ta daɗe tana kiwonsa don wannan aikin. Da aka duba SCN ɗinsa sai aka ga yana bugawa kusan daidai da na ɓeran dare, duka da rana ya fi aiki, bambancin yana can gaba, a yadda sauran ƙwaƙwalwa ke karɓar saƙon. Na ce musu irin wannan ɓeran a gonakinmu yara ke kora. Haka gafiya, ita ta dare ce, ga ta can a Tanzaniya ana horar da ita tana shinshino nakiyoyi da cutar tarin fuka, mu kuma a garinmu in an kama ta sai dai wuta da yaji. Kai, na tuna ƙamshin gashi da yamma lokacin sanyi, a nan kuwa naman da zan saya na halal sai na yi tafiya, kilo ɗaya ya tasar ma yuro 15, bari dai in yi shiru.

Ina muke? Eh, basofiresin. Wannan homon da aka sani da riƙe ruwa a jiki, ashe ƙwayoyin SCN da yawa da shi suke magana da juna. A 2013 a jami'ar Kyoto ta Japan suka samar da ɓerayen da ba sa jin saƙonsa, suka jawo musu lokacin wuta gaba da awa takwas, kamar wanda ya hau jirgi ya yi gabas. Ɓeraye na yau da kullum sai da suka yi sama da mako suna jan jiki kafin su daidaita, waɗannan kuwa kusan nan take suka koma sabon lokaci. Wato shi ne ke riƙe agogon kar ya yi saurin gocewa. A 2016 kuma a jami'ar McGill ta Kanada aka gano shi ne ke sa ɓera ya yi ta ɗirkar ruwa awa biyu kafin ya kwanta alhali ba ƙishi yake ji ba, ƙwaƙwalwa ce ta hango za a daɗe ba a sha ba. Ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba yana lissafin gaba, Allah mai iko.

Abinci ma yana da bakin magana. In kullum ƙarfe kaza na rana kake ba ɓera abinci, bayan 'yan kwanaki sai ya riƙa tashi awa biyu ko uku kafin lokacin yana ta gudu yana jira, ko an cire masa SCN yana yi. A Janeba ta ƙasar Suwizalan a 2000 sun nuna in da rana kawai ake ciyar da shi, cikin mako guda agogon hantarsa ya kife gaba ɗaya, na ƙwaƙwalwa kuma yana nan inda yake, jiki ɗaya lokaci biyu. A nan Holan ma, a Groningen, sun sa ɓeraye sai sun yi gudu mai yawa kafin ƙwayar abinci ta faɗo, da wuya ta yi wuya sai ɓeran dare ya koma fita da rana, don kwanciya a rami cikin sanyin dare ta fi masa arha. A Leiden kuwa wata farfesa, Johanna Meijer, ta ajiye tayar nan a waje cikin ciyayi da kyamara, ɓerayen daji suka riƙa zuwa suna hawa don ra'ayin kansu, har kwaɗi sun shiga. Wannan nake tura wa duk wanda ya ce mini takura ce ta sa namu gudu.

Yanzu ga gargaɗina, musamman ku masu shirin tahowa. A Kano ko Zinder tsawon rana bai cika gocewa daga awa 12 ba, abin da ke tsakanin mafi tsawo da mafi gajarta bai kai awa biyu ba, rana tana saita ka kyauta ba ka ma sani ba. A nan a Disamba gari ba ya wayewa sai wajen tara saura, kafin huɗu da rabi an yi magariba, a Yuni kuma ƙarfe goma na dare da sauran haske, waɗanda suka yi azumin bazara a nan sun sha awa 18 zuwa sama. In ka zo lokacin sanyi ka ji kasala da ƙunci da barcin da ba ya isa, kar ka fara zargin mutanen gida, fita waje da safe ko da hadari ne, hasken waje ya ninka na ɗaki sau da yawa. Ni har fitila ta musamman na saya yuro 45 ina zama gabanta ina shan shayi. Sannan wannan aikin dare na sito da 'yan uwa ke rububi saboda ƙarin kuɗi, mako ɗaya dare mako ɗaya safe, ni dai ba zan ba ƙanina shawarar ya daɗe a ciki ba. A 2006 a jami'ar Virginia sun riƙa jawo wa tsofaffin ɓeraye lokaci gaba da awa shida duk mako har mako takwas, fiye da rabinsu suka mutu, waɗanda ba a taɓa musu lokaci ba kuwa ƙasa da ɗaya cikin biyar. Ɓera ba mutum ba ne, kar wani ya je ya ce na ce zai mutu, amma ni da nake kallon layin nan kullum ba na wasa da abin. Wayar nan ma da kuke kallona a ciki ƙarfe ɗaya na dare a ƙarƙashin bargo, hmm.

Na iso, ga ƙofar can. Yanzu sai in je in cike takarda a mayar da ɓerayen kan wuta awa 12 duhu awa 12 har su daidaita, sannan a sake farawa daga tushe, kuma da zarar sun koma duhu zan sa a cire ƙwan fitilar ɗakin gaba ɗaya in ga abin da zai kunna. Ba a shiga da kyamara, sai na fito.