Lacca a Tawa: sa barci ga yaro mai zaizayar baki

Salamu alaikum. Na bakin ƙofa ku shigo, akwai benci a gaba, ba allura za mu yi muku ba. Abu biyu zan faɗa kan cutar noma, wato zaizayar baki.

Na farko magani, wannan kun sani. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 6, tamowa ko ƙyanda ta kayar da shi, dasashi na jini, baki na wari, kunci ya kumbura. A ba shi amoksisilin da metronidazol, a wanke baki da ruwan gishiri, a ciyar da shi. In aka bari, Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce kusan 9 cikin 10 ke mutuwa.

Na biyu barci, wato sa yaro barci don a yi masa tiyata, kuma nan zan daɗe. Wanda ya tsira, tabo yakan ɗaure masa muƙamuƙi, wani ko cokali ba ya shiga bakinsa. To ta ina tiyon numfashi zai bi? Ka ɗora takunkumin oksijen, iska ta gudu ta ramin da ciwon ya bari a kunci, sai ka toshe ramin da bandeji mai laima. Saboda haka kar ka ba shi maganin sakin jiki, mai tsayar da numfashi, kafin tiyo ya shiga. Ku rubuta wannan. Kar ka ɗauke masa numfashi alhali ba ka da hanyar mayar masa da shi. Cikin magungunan sa barci, ketamin muke so, don yana barin yaro ya yi numfashi da kansa, amma yana kawo miyau, shi ya sa atropin, mai rage miyau, ke riga shi. Tiyo ta hanci zai bi, a kan fibroskop, siririn madubin nan mai fitila. Kayan huda maƙogwaro su kasance a buɗe kan tebur tun ba a fara ba. Cire tiyon ma haka, sai yaro ya farka sarai, don wurin aiki yana kumbura. Af, kafin duk wannan a auna jini, a duba zazzaɓin cizon sauro, awa 6 ba abinci, awa 2 ba ruwa.

Na'am, Malama? Tana tambaya, in uwa ta matsa a ɗinke ramin yanzu fa?

A yi mata bayani a hankali. Naman da ke ruɓewa ba ya riƙe ɗinki. Sai ciwo ya mutu, tabo ya zauna, yaro ya yi ƙiba, wata 6 zuwa shekara. Kafin nan ku koya mata motsa masa muƙamuƙi kullum da 'yan katakon danne harshe, tana ƙara ɗaya kan ɗaya tsakanin haƙora, kar bakin ya kulle. Ku rubuta sunansa, ku tura shi cibiyar masu cutar noma tun yanzu, don ya shiga layin aiki.